OpenOffice, LibreOffice da Ruɗanin Lambobi: Wace Siga Ce Ta Dace da Wace Kwamfuta?

A watan Nuwamban 2012 majalisar birnin Freiburg, a kudu maso yammacin Jamus, ta kaɗa ƙuri'a da ƙaramin rinjaye cewa ma'aikatanta su ajiye OpenOffice su koma Microsoft Office. Kimanin shekara biyar ke nan birnin yana aiki da manhajar ofis ta kyauta, kuma koke-koke sun yi yawa, musamman kan takardun da ake aikowa daga wasu ma'aikatu, waɗanda ke buɗewa a hargitse. Jaridun fasaha suka ɗauki labarin, wasu har suka mai da shi hujjar cewa kayan kyauta ba ya ɗaukar aikin gwamnati.

Akwai abin da kanun labaran ba su ɗauko ba. Sigar da ke kan kwamfutocin birnin ita ce OpenOffice 3.2.1, wadda ta fito tun tsakiyar 2010, a gefenta kuma Microsoft Office 2000. Ranar da ake kaɗa ƙuri'ar, LibreOffice 3.6 ta yi wata uku da fitowa, kuma ta yi wa waccan tsohuwar nisa wajen karanta takardun Word da Excel. Ƙungiyoyin da ke goyon bayan buɗaɗɗiyar manhaja sun rubuta wa majalisar wasiƙa suna jan hankalinta kan haka, amma ba ta sauya zani ba.

Ruɗanin da ya ci birni guda shi ne ke jiran ɗalibi, ko akawu, ko mai shagon buga takardu da ya gaji da saƙon nan da Microsoft Office mara lasisi ke turo masa kullum, ya ce bari ya nemi ta halal wadda ba a biya. Da ya shiga intanet zai tarar da sunaye biyu masu kama da juna. In ya zaɓi ɗaya, zai tarar da lambobi biyu a shafin saukewa. Daga nan kuma a tambaye shi ko kwamfutarsa mai bit 32 ce ko 64.

Suna ya tafi gida ɗaya, ma'aikata sun tafi wani

Manhajojin biyu tsatsonsu ɗaya. A 1985 wani matashi Bajamushe, Marco Börries, wanda bai kai shekara 20 ba, ya kafa kamfanin StarDivision, wanda daga baya ya fito da StarOffice. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye shi a 1999, a shekara ta 2000 kuma ya buɗe asalin rubutun manhajar ga duniya: kowa ya duba, ya gyara, ya raba. Haka aka samu OpenOffice.org, wadda sigarta ta 1.0 ta fito a watan Mayun 2002. Tsarin ajiyar fayilolinta ne ya zama tushen OpenDocument, wato fayiloli masu ƙarewa da odt da ods da odp, wanda hukumar ISO ta amince da shi a 2006.

Shekara takwas sunan OpenOffice yana shiga kunnuwan mutane, har ya zama shi ne abin da ake faɗa in ana nufin manhajar ofis ta kyauta.

A Janairun 2010 kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun. Masu aikin sa-kai da kamfanonin da ke taimaka wa manhajar ba su natsu da sabon maigidan ba. Ranar 28 ga Satumban 2010 suka sanar da kafa gidauniyar The Document Foundation, suka kwafi rubutun manhajar kamar yadda lasisi ya ba su dama, suka sa wa nasu suna LibreOffice. Sun gayyaci Oracle ya shigo ya kuma ba su tsohon sunan, ya ƙi. LibreOffice 3.3 ta fito a Janairun 2011, kuma cikin watanni manyan nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Fedora da openSUSE suka koma kanta. A watan Yunin shekarar, Oracle ya miƙa OpenOffice, suna da komai, ga gidauniyar Apache.

Abubuwa biyu suka sa tazara tsakanin manhajojin biyu ta yi ta ƙaruwa. Na farko lasisi: na Apache ya bar kowa ya ɗebi rubutunsa, don haka duk gyaran da aka yi a OpenOffice, LibreOffice na iya ɗauka, amma sharuɗɗan lasisin LibreOffice ba su bar a yi akasin haka ba. Na biyu ma'aikata: kamfanin IBM, wanda injiniyoyinsa suka riƙe Apache OpenOffice a farkon tafiyar, ya janye hannu. Siga ta 4.1 ta fito a Afrilun 2014, kuma shekara goma bayan haka ana nan a kanta, sai ƙananan gyare-gyare: 4.1.15 ta fito a Disambar 2023.

Ƙarancin hannu ya nuna kansa a 2015, lokacin da aka gano wata ɓaraka ta tsaro a sashen da ke buɗe takardun HWP na Koriya. LibreOffice ta toshe tata a cikin sigogin da ta fitar a lokacin. Masu OpenOffice kuwa shawara aka ba su su shiga cikin manhajar su goge wani fayil da hannunsu, gyaran bai iso ba sai bayan kusan wata shida. A Satumban 2016 shugaban aikin na lokacin, Dennis Hamilton, ya fito fili ya tayar da maganar yiwuwar rufe shi gaba ɗaya. Ba a rufe ba, kuma har yau mutane na sauke ta saboda sunan da suka sani.

Ga mai aikin yau da kullum, bambancin da zai fara cin karo da shi ba na tarihi ba ne. Apache OpenOffice tana buɗe fayil ɗin docx da xlsx, amma ba ta iya ajiye aiki a cikinsu, sai dai a tsohon doc da xls. LibreOffice tana yin duka biyun. A inda makaranta ko ma'aikata ta ce a turo docx, magana ta ƙare a nan.

Yadda ake karanta lambobin

LibreOffice tana fitar da babbar siga sau biyu a shekara, a Fabrairu da Agusta, ko aiki ya kai inda ake so ko bai kai ba. Abin da bai nuna ba ya jira zagaye na gaba. Bayan kowace babbar siga sai ƙananan gyare-gyare su biyo baya, kusan wata-wata da farko, har sau shida ko bakwai, sannan a rufe reshen bayan kimanin wata tara zuwa goma. Saboda haka a yawancin shekara rassa biyu ne ke raye a lokaci guda. A da shafin gidauniyar yana kiran sabon Fresh, tsohon kuma Still, kuma har yanzu masu gyaran kwamfuta da yawa da waɗannan sunaye suka san su.

Tun 2024 lambar ta koma bin kalanda. Bayan 7.6 ta Agustan 2023 sai aka ga 24.2, abin da ya sa wasu suka zaci an bar su a baya da siga goma sha bakwai, alhali wata shida ne kawai tsakani. Lamba ta farko shekara ce, ta biyu wata, ta uku kuma adadin zagayen gyaran da aka yi. Wato 25.2.5 ita ce sigar Fabrairun 2025 bayan an bi ta da gyara sau biyar.

Wannan lamba ta uku ita ce mutane suka fi tsallakewa, ita ce kuma ta fi faɗin gaskiya. A Agustan 2025, wanda ya je saukewa zai ga 25.8.0 da 25.2.5. Ido zai fi son babbar lamba. Amma mai ƙarewa da sifili sabon takalmi ce, sai an taka ta an sha cizo kafin ta yi laushi: dubban mutane ne za su fara gwada ta a kan firintoci da takardun da masu rubuta ta ba su taɓa gani ba, su kai rahoton abin da ya lalace. Gidauniyar da kanta takan ba masu aikin da ba ya son tangarɗa shawarar su tsaya kan tsohon reshe. Wanda ke tsakiyar rubuta kundin digiri, ko akawun da ke rufe lissafin shekara, ba shi da dalilin zama ɗan gwaji.

Wani lokacin kuma sabuwar ce mafita. Dabarar lissafi ta XLOOKUP, wadda masu Excel na zamani suka saba da ita, ba ta shigo Calc, sashen lissafi na LibreOffice, ba sai a 24.8, tare da FILTER da SORT da UNIQUE. In aka aiko wa mai 7.6 jadawalin albashi da aka gina da XLOOKUP, da zarar manhajar ta sake lissafi sai gurabun su cika da alamar kuskure, kuma babu dabarar da za ta fisshe shi sai sabuntawa. Haka jadawali mai faɗi sosai: sai daga 7.4, ta Agustan 2022, Calc ta fara ɗaukar ginshiƙai 16,384 kamar Excel, a da 1,024 ne iyakarta. Wanda ya saba da jerin maɓallan saman Word na zamani zai sami mai kama da shi a matsayin zaɓi tun daga 6.2.

Akwai kuma wani sauyi da ba a yi masa talla ba, amma mai aiki da kwamfutar tebur a inda ake ɗauke wuta babu sallama zai san darajarsa. Daga 24.2, manhajar tana zuwa da ajiyar-kai a kunne, tana adana abin da ake rubutawa lokaci-lokaci, tana kuma ajiye kwafin fayil na baya. Mai tsohuwar siga ya kamata ya leƙa saituna ya tabbatar ya kunna su da kansa, ya kuma rage tazarar daga minti goma zuwa abin da ya ga zai iya jure asararsa.

Kwamfutar ma tana da ta cewa

Sau da yawa ba mai kwamfuta ke zaɓe ba, kwamfutar ce. Laftof ɗin hannu da ake saya a kasuwanni irin su titin Beirut a Kano ko Computer Village a Legas, wasunsu sun haura shekara goma, kuma kowace siga tana da iyakar Windows ɗin da take hawa. LibreOffice 5.4 ce ta ƙarshe da ke aiki a Windows XP da Vista, daga 6.0 ta farkon 2018 sai Windows 7 zuwa sama. Ita ma Windows 7 da 8.1 an sallame su a 25.8, don haka 25.2 ce tasharsu ta ƙarshe.

A nan ne Apache OpenOffice ke da ɗan gurbinta. Tana hawa Windows XP, ba ta da nauyi, kuma ga tsohuwar kwamfutar da ba ta shiga intanet, wadda aikinta bai wuce buga wasiƙa da rasit ba, tana biyan buƙata.

Batun bit 32 da 64 bai kai yadda yake tsoratarwa ba. A Windows 10, in aka shiga Settings, sai System, sai About, za a ga an rubuta nau'in. Windows 11 duk mai 64 ce. Manhajar 32 tana hawa Windows mai 64, amma ta 64 ba ta hawa mai 32, kuma masu LibreOffice sun fara janye jiki daga 32: a Linux sun daina fitar da ita tun 6.3 a 2019.

Mai Linux yawanci ya tarar an riga an zaɓa masa. Ubuntu 22.04 ta zo da 7.3, Ubuntu 24.04 da 24.2, Debian 12 da 7.4, kuma a kansu suke zama, masu kula da nau'in Linux ɗin ne ke toshe ɓarakar tsaro. Wanda ke son sabuwa sai ya bi ta wata hanyar saka manhaja, kamar Flatpak ko Snap. Mai Mac kuma zai iya ganin LibreOffice da farashi a shagon manhajojin Apple, inda gidauniyar ta fara sayar da ita kan Yuro 8.99 a 2022. Ba damfara ba ce, kuɗin sauƙin saukewa ne da tallafa wa aikin. Ita dai manhajar tana nan kyauta a shafin gidauniyar.

Sai maganar data. Fayil ɗin sakawa na Windows ya kai wajen megabait 350, littafin taimako na karantawa ba tare da intanet ba kuma daban ake sauke shi. Amma sau ɗaya ya isa. Lasisin ya halatta a zuba a filash a saka wa kwamfuta ɗari, ko a ba maƙwabci, babu lambar sirri, babu rajista. Akwai ma sigar tafi-da-gidanka ta PortableApps, wadda ke aiki daga cikin filash kai tsaye ba tare da an saka ta a kwamfuta ba. Abin kiyayewa shi ne inda aka samo ta: shafin libreoffice.org ko openoffice.org, ba shafukan da ke naɗe manhajar kyauta da tarkacen talla ba.

Inda takarda ke gocewa

A ce ɗaliba ta kammala kundinta a Writer, sashen rubutu na LibreOffice, shafi 80, kowane babi ya fara a saman sabon shafi. Ta kai filash shagon buga takardu, aka buɗe a Word, sai ga shi ya zama shafi 83, taken babi na uku ya maƙale a gindin shafi, jadawali ya rabu biyu. Mai shago zai ce manhajarta ce ba ta da kyau. Mafi yawan lokuta laifin na salon haruffa ne.

Calibri da Cambria da Times New Roman da Arial ba sa zuwa da LibreOffice, domin masu su ba su sake su kyauta ba. Abin da take zuwa da shi madadinsu ne da aka auna faɗin kowane harafi ya yi daidai: Carlito a madadin Calibri, Caladea a madadin Cambria, Liberation Serif da Liberation Sans a madadin Times New Roman da Arial. Carlito da Caladea sun shigo ne a 4.4 ta 2015. In takarda ta tashi daga kwamfutar da ke da wani salo ta sauka a wadda ba ta da shi, sai a musanya mata da wani mai faɗi daban, layuka su tura juna har shafuka su ƙaru. Wanda kuma ya raba babi da babi ta hanyar danna Enter sau goma sha biyar maimakon saka umarnin sabon shafi, kowace manhaja ya yi amfani da ita sai takardarsa ta goce.

Maganin abin da za a buga ko a miƙa shi ne PDF, kuma maɓallinsa na nan a saman Writer tun zamanin OpenOffice. Abin da wani zai gyara kuma, a aika masa docx, amma a riƙe asalin a odt.

Mai rubutun Hausa yana da ƙarin abin dubawa. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ ba kowane salo ke da su ba. In babu, manhaja takan aro su daga wani salon, sai a ga harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo ko kauri a tsakiyar kalma. DejaVu Sans da Noto Sans suna da su cikakku. Mai ajami ko Larabci kuma sai ya kunna rubutun dama-zuwa-hagu a saitunan harshe, kuma sigogin da suka biyo bayan 6.0 suna zuwa da salon Amiri.

In kwamfutocin sun yi yawa

A siga ta 7.1 ta 2021 gidauniyar ta fara liƙa wa sigar kyauta lakabin Community, don ta nuna cewa masu sa-kai ne ke tallafa mata. Ba a rage mata komai ba. Abin da ake nufi shi ne ma'aikata mai ɗaruruwan kwamfutoci ba za ta iya sauya siga duk wata shida ba, kuma in wani abu ya lalace tana buƙatar wanda za ta kira. Irin waɗannan su ake tura wa kamfanoni kamar Collabora da ke Kambirij a Ingila, masu sayar da siga mai tallafin shekaru. Kuɗin da ake biyan su ne ke ɗaukar nauyin kaso mai yawa na injiniyoyin da ke rubuta manhajar da kowa ke saukewa kyauta.

Gwamnatocin Turai sun gwada hanyoyi daban-daban. Birnin Munich ya mayar da kwamfutoci wajen 15,000 kan Linux da buɗaɗɗiyar manhajar ofis, sannan a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows. Ma'aikatar tsaron Italiya ta ƙulla yarjejeniya a 2015 don ɗora LibreOffice kan kwamfutoci sama da 100,000, tare da horar da ma'aikata. A Afrilun 2024 jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci 30,000 kanta, tana kafa hujja da cewa bayanan jama'a bai kamata su dogara da kamfani ɗaya na waje ba.

Makarantar sakandare mai kwamfuta 20 ba ta buƙatar kwangila da kowa. Abin da take buƙata shi ne siga ɗaya a kan dukkansu, daga reshen da ya sha gyara, da rana ɗaya a lokacin hutu da za a sabunta su tare.

Waya da sauran 'yan takara

WPS Office, wadda ta cika wayoyi, ta kamfanin Kingsoft ce na Sin; ana samun ta ba a biya ba, amma rubutunta a rufe yake. OnlyOffice buɗaɗɗiya ce, kuma da yake an gina ta kai tsaye a kan docx da xlsx, takan fito da takardun Microsoft da kyau, sai dai ba ta da takwarar Base, sashen rumbun bayanai na LibreOffice. A waya, Collabora Office ce ke ɗauke da injin LibreOffice a Android da iPhone.

Kafin mutum ya tsaya kan ɗaya, gwajin da ya fi kowane sharhi amfani shi ne ya ɗauko fayiloli uku mafiya wahala da yake aiki da su, mai jadawali da hotuna, mai dabarun lissafi, da wanda abokin aiki ya aiko, ya buɗe su, ya gyara, ya ajiye, ya sake buɗewa a kwamfutar wanda zai karɓa.

Masu tsofaffin kwamfutoci kuma lokaci ya fara matsa musu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. LibreOffice 25.8 tana hawa Windows 10. Amma reshen 25.2, na ƙarshe ga Windows 7, wa'adinsa ya cika a ƙarshen 2025, tun daga nan babu sauran gyaran tsaro. Mai irin wannan kwamfuta zaɓinsa biyu: ya ci gaba da 25.2 yana taka-tsantsan da takardun da bai san mai aiko su ba, ko ya kai ta wurin mai gyara a ɗora mata Linux mara nauyi irin su Linux Mint, wadda ke zuwa da LibreOffice a ciki.